Jita Tamanin a Siton Warsan

Kyankyaso ne ya fara fitowa. Ya leƙo ta ramin cikin jitar, ya kaɗa gashin bakinsa, sannan ya gangaro ta kan tsirkiyoyi ba tare da wata gaggawa ba, kamar maigidan da aka tasa daga barcin rana. Ɗantani ya kakkaɓe shi da tsumma, ya bi shi da takalmi. Sai a lokacin warin ya iso hancinsa: fumfuna, fitsarin ɓera, da tsohon gam da zafi ya narkar ya sake daskarewa.

"Haba Malam Ɗantani, ƙwaro ɗaya ne fa," in ji Alhaji Shu'aibu daga bakin ƙofa, yana dariya. "Ba shi na kawo ka duba ba."

Ɗantani ya mayar da takalmin ƙafarsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana gyaran kayan kiɗa a wannan ɗan ɗaki, a bayan shagon wani tsohon Ba'indiye da ke unguwar Al Satwa a wannan birni na Larabawa, tsakanin teloli biyu da kekunansu ba sa hutawa. Mutumin Damagaram ne, ya haura hamsin, a Yamai ya koyi sana'ar. Yawancin masu kawo masa aiki 'yan Filifin ne da ke kiɗa a otal-otal, kuma ko mafi talaucinsu yakan shigo da jitarsa a rungume, a goge tsaf. Bai taɓa ganin wanda ya shigo da ita riƙe a wuya tana reto kamar kazar da za a kai wa mahauci ba, sai yau.

Alhaji Shu'aibu Bakano ne, yana da ofishin aika kaya a unguwar Al Rigga. Duk abin da zai shiga kwantena sana'arsa ce: tayoyi, firji, turare, gadajen asibiti. A ofishinsa ne Ramlat, 'yar Ɗantani, take aikin takardu shekara uku ke nan, kuma da sunan kamfaninsa aka yi mata bizar zama.

Ɗantani ya ɗaga jitar, ya saita kanta da fuskarsa, ya rufe ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyan kamar maharbi. Ya kwantar da ita a kan tebur. Ya ɗauko doguwar rular ƙarfe, ya ɗora ta bisa ƙananan ƙarafunan da ke jere a gaɓoɓin wuyan, ya tura ta a hankali zuwa ga jaki, ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa a kan cikin jita. In wuya na zaune daidai, bakin rula yakan sauka a saman jaki cif, kamar an gwada. Wannan karon sai ya daki gefen jakin, can ƙasa, ƙwas.

"Alhaji, matso ka gani."

"Ni me na sani a nan? Faɗa min kawai."

"Wuyan ya sunkuyo. An bar ta cikin zafi da tsirkiyoyi a ɗaure, gam ya saki, suka yi ta jan wuyan gaba." Ya zura ɗan ƙaramin yatsansa ƙarƙashin tsirkiyoyin a gaɓa ta goma sha biyu. "Nan wurin, sulen dirhami ɗaya ya kamata ya shiga, da ɗan sarari kaɗan. Ga yatsana ya shige. Ƙato ma sai ya yi da gaske kafin ya danne wannan."

"To a gyara mana."

"Gyaranta shi ne a cire wuyan da tururi, a sassaƙe gindinsa, a mayar. Aikin mako guda ne. Kuma ba ta cancanci wahalar ba, Alhaji. Katakon banza ne aka shafa wa fenti."

Alhaji Shu'aibu ya jawo kujera ya zauna, ƙamshin turarensa ya haɗu da warin jitar, abin ya ƙara muni.

"Guda tamanin ne," ya ce.

Ya yi bayani ba kunya ba ɓoye-ɓoye, kamar mai ba da labarin sa'ar da ya taka. Wani dillali ne ya karye, ya bar su a kwantena har bazara biyu, shi kuma ya kwashe su a arha. Ga kwangila a hannu daga gida: za a raba kayan kiɗa a makarantun sakandare. Ranar Alhamis wata Hajiya za ta zo daga ofishin da ya ba da kwangilar ta duba kaya, in ta sa hannu a yi lodi.

"An ce min akwai dabara," in ji Alhaji, yana nuna farin siririn abin da ke tsaye a cikin jakin. "A kankare wannan, tsirkiya ta sauko. Khalas, an gama."

Ɗantani ya san dabarar, kamar yadda kowane mahauci ya san yadda ake wanke naman da ya kwana. A goge farin ƙashin nan na cikin jakin har ya kusa ɓacewa, a fere saman jakin, a shafa masa launi, a matse sandar ƙarfen da ke cikin wuya fiye da ƙarfinta. Tsirkiyoyi za su sauko, ido zai ga daidai.

"Wata ɗaya za ta yi, in ta daɗe biyu," ya ce. "Daga nan jaki ya tsage, wuya ya murɗe. Ba mai iya tayar da ita kuma. Wannan ba gyara ba ne, Alhaji."

"Wa ya ce gyara? Kwalliya na ce." Alhaji ya miƙe yana gyara hula. A bakin ƙofa ya juyo, ya dafa goshi. "Af, na tuna. Bizar Ramlat wata mai zuwa take ƙarewa, ko? Jiya na ga fasfonta a tebur. Yarinya mai hankali, wallahi. Sai dai ka san yadda kasuwa take yanzu, kowa rage ma'aikata yake yi. Amma mu da muke 'yan gida ɗaya, ai ba ma haka da juna. Litinin da safe zan turo mota, habibi."

Da ya fita, Ɗantani ya buɗe taga. Warin bai tafi ba sai bayan azahar.

Ranar Litinin ya ce wa mai shagon wani ɗan'uwansa ne ba lafiya, ya roƙi kwana huɗu. Tsohon ya yi masa addu'ar samun sauƙi har da dafa kafaɗa, Ɗantani ya kasa haɗa ido da shi.

Siton Alhaji yana can unguwar Al Warsan, a layin ɗakunan ajiya masu rufin kwano da ba a bambance ɗaya da ɗaya. Watan Yuni ne. Fanka ɗaya ce a ciki, tana juya iska mai zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kwalayen suna jibge har sama, na ƙasa sun jiƙe sun bushe sun yi baƙi. Da ya yanka na farko, kashin ɓera ya zubo masa a ƙafa kamar ƙwayar ridi. Ya ɗaure hancinsa da hankici, ya yi bisimilla, sannan ya tsaya yana tunanin ko ya dace a yi bisimilla a kan irin wannan aiki.

Duk da haka bai iya tsallake awo ba. Hannunsa ya riga ya saba. Kowace jita ya ɗauko sai ya leƙa wuyanta, ya ɗora rula, ya danne tsirkiya a gaɓar farko da ta goma sha huɗu ya duba sararin da ke tsakiya. Ya zura takarda ƙarƙashin jaki ya ga ko ya ɗago, ya ƙwanƙwasa cikin da gaɓar yatsa ya saurari haƙarƙarin katakon ciki da ya saki. Yana fatan ko ɗaya za ta ba shi kunya, rula ta sauka daidai. Babu. Duka tamanin sun sunkuya, wasu kaɗan, wasu kamar tsohuwar da ta ga shekara ɗari.

Sai ya kama aikin. Farin abin ma ba ƙashi ba ne, roba ce, in ta sha samfefa sai ta yi ƙauri, garinta ya manne a gumin hannunsa. Ya fere jakuna har wasu suka koma kamar ɓawon rake. Ya zura ɗan makullinsa mai lanƙwasa ta ramin ciki yana matse sandar wuya, yana jin katako na kuka a tafinsa. A ta goma sha bakwai sai ya ji ƙas, wuyan ya tsage ta baya. Ya cusa gam da garin katako, ya shafe da launi, ya goge. Da ya ɗaga ta a haske, shi kansa sai da ya nemi wurin kafin ya gani. Abin da ya fi damunsa ke nan: aikin yana kyau. Shekara talatin na koyon yadda ake sa katako ya yi magana, ga su nan yana amfani da su wajen rufe bakin gawa.

Ranar Talata Alhaji ya zo da naɗin takardu masu ruwan zinariya, ɗauke da sunan wani kamfani da babu shi a duniya. Ya ce a liƙa su ta ciki, a kan na asali.

"Wannan kam ba aikina ba ne," in ji Ɗantani.

"Ba komai, shwaiya shwaiya, sannu-sannu, kowa da nasa." Alhaji ya naɗe hannun riga ya zauna yana liƙawa da kansa, yana lasar yatsa kafin ya ɓare kowace takarda, yatsan da yanzu ya fito daga cikin jita mai fumfuna. Yana yi yana waya, yana ce wa wani ya ji tsoron Allah a kan farashin tayoyi.

Ramlat ta zo ranar Laraba da rana, ta kawo takardun lodi. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon mahaifinta, farin gari ya rufe masa gashin hannu da gemu. Shekararta ashirin da bakwai. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ɗanta Izzuddeen yana Damagaram wurin kakarsa, da aikin nan take riƙe da shi.

"Baba, ka ci abinci?"

"Ba ya shiga a nan."

Ta ɗauki jita ɗaya daga cikin waɗanda ya gama, ta juya ta, ta ajiye. Ta goge hannunta a jikin abayarta.

"Ni na buga takardar," ta ce. "Sababbi fil na rubuta."

"Shi ya ce ki rubuta haka?"

"Bai ma ce ba, Baba. Na san abin da ake rubutawa."

Ta faɗe shi ne a hankali, ba kuka ba fushi, kamar mai faɗin ranar mako. Ya dube ta. Yarinyar nan da tana ƙarama in ta tsinci ko allura ce sai ta zagaya gida tana cigiyar mai ita. Shi ya kawo ta garin nan. Shi ya kai ta ofishin da hannunsa, har yana godiya.

Da ta tafi, saura jita ɗaya. Ya daɗe yana riƙe da ita. Sai ya goge mata ƙura kawai, bai taɓa jakinta ba, ya tura ta bayan kwalaye.

Hajiya Wasila ta iso ranar Alhamis da hantsi a motar Alhaji. Gajeriyar mace ce mai farin gilashi, za ta yi sa'ar Ɗantani, ta toshe hanci da gefen mayafi tun daga ƙofa. Alhaji ya riga ya jera goma mafi kyan gani a kan tebur da aka shimfiɗa wa jan ƙyalle. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta wuce can ciki, ta zaro ɗaya da kanta daga tsakiyar tarin.

Ta ɗaga ta, ta rufe ido ɗaya, ta leƙa wuyan.

Ɗantani ya matso kusa. Ya ga ta danne tsirkiya a gaɓar farko da ta goma sha huɗu, ta taɓa tsakiya da yatsa. Ya ga ta bi saman jakin da farcen babban yatsa, daidai inda ya fere, ta kai yatsan hanci ta shinshina sabon launin. Sannan ta zauna a kan kwali, ta murɗa kunnuwan jitar tana saurare har sautin ya daidaita, ta fara kaɗawa. Wata 'yar waƙa ce mai sanyi. Jitar ba ta da murya, kamar ana buga ƙwarya da ta tsage, amma yatsun matar nan sun san hanya, sai da suka tatso wani abu daga cikinta.

Alhamdu lillahi, Ɗantani ya ce a ransa. Ta sani. Ba sai ya buɗe baki ba. Ita za ta ƙi kayan, laifin ya tsaya a kan kayan, Ramlat ta tsira, yaran can ma su tsira. Har ya ji iskar fankar ta yi masa sanyi.

Hajiya Wasila ta jingine jitar.

"Masha Allah. Sun yi, Alhaji. Ina takardar?"

"Tana mota, ranki ya daɗe, yanzu-yanzu." Alhaji ya fita da sauri, wayarsa na ƙara a aljihu.

Ɗantani ya dubi jitar da ta jingine. Ya ji muryar Alhaji a waje ta kama wata doguwar magana. Bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi bayan kwalaye ba. Ya fito da jitar da ya ɓoye, ya kwantar da ita a kan jan ƙyallen, ya ɗora rular a kan ƙarafunan.

"Hajiya, don Allah ki duba nan. Haka suke duka kafin in taɓa su. Wuyan ne. Abin da na yi musu ba zai kai wata biyu ba. Ni na yi, da hannuna, ba zan ɓoye miki ba."

"Ajiye rularka, Malam." Ta cire gilashi tana gogewa da mayafi. "Shekara goma sha tara na yi ina koyar da kiɗa kafin a mai da ni ofis. Tun daga ƙofa na gani. Kai ka yi aikin? To wallahi hannunka da tsabta. Na bara da aka kawo mana, har sawun wuƙa ake gani."

"Na bara," in ji Ɗantani.

"Makarantu ashirin ne, kowace guda huɗu. Ka san nawa ne a cikinsu ke da malamin kiɗa? Ko ɗaya. Za a jera yara a ba su su riƙe, a ɗauki hoto, a kulle a sito. Da mai kyau da marar kyau, duk gara ce za ta ci."

"In wani yaro ya ɗauka fa?" in ji Ɗantani. "Hajiya, ni jitar da na fara riƙewa irin wannan ce. Wata shida ina dannawa, yatsuna suna fashewa, sauti ba ya fita. Na ce ni ne Allah bai ba ni ba. Na ajiye, shekara biyu ban sake taɓawa ba. Sai da wani Buzu mai gyara ya karɓe ta ya leƙa wuyan, ya ce min yaro, ba kai ba ne, ita ce. Yaran can wa zai gaya musu?"

Ta saurare shi har ƙarshe, ba ta katse shi ba. Na ɗan lokaci ta zuba wa yatsun hannunta na hagu ido. Sai ta mayar da gilashinta.

"Zai ji zafi ya ajiye, ya koma ya karanta abin da zai ci abinci da shi. Ni da na iya, me ya tsinana min?" Ta gyara zaman jakarta a kafaɗa, muryarta ta sake, ta koma ta hira. "Yauwa, tunda Allah ya haɗa ni da gwani. Jiya na saya wa autana Zainul Abideen jita a babban kanti, mai kyau ce sosai, amma na ji tsirkiyoyin da ɗan tauri. Jibi zan tashi. In na aiko maka gobe za ka sassauta min ita? Sabon koyo ne, ba na son yatsunsa su yi ciwo."

Ɗantani ya ajiye rular a kan ƙyallen. Kafin ya sami abin cewa Alhaji ya shigo da takarda da biro.

Ta dafa takardar a kan cikin jitar da ba a taɓa ba, ta sa hannu.

"Alhaji, ka riƙe mutumin nan da kyau," ta ce tana dariya. "Mai gaskiya ne. Har ya nuna min wadda bai gyara ba."

Alhaji Shu'aibu ya dubi jitar, ya dubi rular, ya dubi Ɗantani. Murmushinsa bai ragu ba ko kaɗan, idanun ne kawai suka tsaya cak.

"Ai shi ya sa muke tare, Hajiya," ya ce. "Malam, a ƙarasa wannan ma kafin la'asar. Tamanin aka rubuta. Yalla, ranki ya daɗe, mu je ki huta, zafin nan ba naki ba ne."

Suka fita. Ɗantani ya ji ƙofofin mota sun rufe. Ya tsaya shi kaɗai da fanka. Ya yi tunanin ya tattara kayan aikinsa ya kama hanya, har ya sa makullin a jaka. Sai ya tuna fasfon da ke kan tebur a Al Rigga. Ya fito da makullin, ya jawo samfefa, ya ƙarasa ta tamanin. Da ya gama ya zagaya bayan siton, ya durƙusa kusa da tarin tayoyi, ya yi ta kakarin amai, ba abin da ya fito sai ruwa.

Safiyar Juma'a ya koma ɗakinsa na Al Satwa. Mai shagon ya tambaye shi jikin ɗan'uwan, ya ce da sauƙi. Ya zauna gaban wani aiki da ya bari tun makon jiya, ya kasa taɓawa. Kunnensa na kan waya. Ya riga ya shirya abin da zai ce wa Ramlat in ta kira ta ce an sallame ta: cewa shi ya jawo, cewa ta yafe masa, cewa Allah ba zai bar su ba.

Wajen ƙarfe goma sai ga ta da kanta, ɗauke da baƙin akwatin jita mai ƙyalli.

"Daga otal ɗin Hajiya," ta ce. "Alhaji ya ce in kawo in jira."

"Bai ce miki komai ba?"

"Ya sa hannu a takardun bizar jiya da yamma. Shekara biyu." Ta ajiye akwatin a kan tebur. "Har ya ce in gaishe ka. Ya ba 'yan ofis labarin abin da ka yi, suna ta dariya. Wai kai waliyyi ne."

Ɗantani ya jawo akwatin gabansa. Ya kwana da shirin biyan kuɗin gaskiyar da ya faɗa, ashe ba wanda ya ga ta kai a karɓi komai a kanta.

Ya buɗe akwatin. Ƙamshin sabon katako ya tashi, mai daɗi, irin na itacen da aka busar shekaru a inuwa. Ya ɗaga jitar ya leƙa wuyan: a miƙe yake sumul, yana kallon saman jakin kai tsaye. Ya danne tsirkiya gaba da baya, ya ga sararin tsakiya ya ɗan fi yadda ya kamata, da kaurin takarda biyu. Ya zura makulli, ya murɗa rubu'in zagaye, ya jira katakon ya zauna. Ya sake aunawa. Ya cire farin ƙashin, wannan na gaske ne, ya shafa gindinsa sau shida a kan samfefa mai laushi, ya hure, ya mayar. Ya ɗan goga fensir a ramukan da tsirkiyoyi ke bi ta sama don kada su riƙa maƙalewa. Ya so hannunsa ya yi ganganci ko sau ɗaya. Hannun ya ƙi.

Ramlat na zaune a kan kujerar baƙi, ta haɗa gwiwoyi, tana kallon ƙasa.

"Akwai kuma saƙo," ta ce.

"Ina ji."

"Wata kwantenar ta iso. Goge irin na Turawa, guda arba'in. Wurin dillalin nan dai." Sai ta ƙara da sauri, "Baba, ba dole ba ne. An riga an sa hannu. In ka ce a'a zan gaya masa ka ce a'a."

Dukansu sun san hannun da ya sa yana iya sokewa da safiyar kowace rana.

Ɗantani ya ɗora jitar a cinya don gwajin ƙarshe. Yatsunsa suka sauka a kan tsirkiyoyin ba wani ƙoƙari, taushi kamar ana taɓa ruwa. Yaro ɗan shekara goma zai danne su yana dariya. Ya zazzaga su sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Sautin ya cika ɗan ɗakin, zagayayye, mai zurfi, ya ƙi mutuwa. Telan da ke maƙwabtaka ya tsayar da kekensa.

"Wace rana ya ce?"

"Litinin," in ji Ramlat, ba ta ɗago ba.

Jitar tana nan tana amo a cinyarsa. Ya kifa tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin, ya kashe sautin.